Ɗan Ga-ruwa da Mai Darduma: Sana'o'in Titunan Alƙahira a Zane-zanen Turawa na Ƙarni na 19

Tsakure

Wannan maƙala ta duba zane-zanen fenti da Turawa suka yi a ƙarni na 19 game da masu ƙananan sana'o'i a titunan Alƙahira, irin su 'yan ga-ruwa da masu sayar da darduma da marubuta wasiƙa da masu tallan abin sha. Manufarta ita ce bayyana tushen wannan salo da yadda ake haɗa zanen da kuma waɗanda ake yi dominsu. An ɗora bayanin a kan ayyukan John Frederick Lewis da Jean-Léon Gérôme da Ludwig Deutsch da wasu takwarorinsu, aka kuma gwama su da abin da tarihi ya tabbatar game da birnin a daidai wancan lokaci. Maƙalar ta nuna cewa zane-zanen sun kiyaye siffar kaya da tufafi da gine-gine, amma sun cire zamani da tsarin sana'a, domin shi kansa zanen haja ne da aka tanada wa kasuwar Turai. Saboda haka ana iya kafa hujja da su a kan kayan aiki, amma sai da taka-tsantsan a kan rayuwar masu aikin.

Fitilun kalmomi: istishiraƙi, zanen fenti, Alƙahira, sana'o'in titi, ƙarni na 19

1.0 Gabatarwa

Kalmar istishiraƙi, wadda aka aro daga Larabci, tana nufin nazarin da Turawa suka yi wa ƙasashen Gabas da harsunansu da addininsu. A fagen zane kuwa, ana amfani da ita ga ayyukan masu zanen Turai da Amurka da suka ɗauki Masar da Sham da ƙasar Turkawa da Arewacin Afirka a matsayin jigo. Tun bayan fitowar littafin Edward Said a 1978, muhawara a kan waɗannan zane-zane ta fi karkata ga hotunan matan kulle da kasuwar bayi da fadojin sarakuna, domin a nan ne son zuciyar mai zane ya fi fitowa fili. Sai dai akwai wani babban kaso da ba a cika tuhuma ba, wato zanen talakawa a bakin sana'arsu. Mai kallo yakan ɗauka cewa wanda ya zana mai tallan lemo ba shi da abin ɓoyewa. Wannan zato ne ya sa ake yawan ɗora irin waɗannan hotuna a bangon littattafan tarihi da shafukan intanet tamkar shaidar gani da ido.

An taƙaita bayani ga Alƙahira saboda ita ce birnin da masu zanen suka fi yi wa tururuwa, kuma tarihinta na wannan ƙarni a rubuce yake dalla-dalla, yadda za a iya auna zanen da shi.

2.0 Tushen Salon

Zanen masu talla ya girmi zuwan Turawa Masar. A biranen Turai an daɗe ana buga jerin hotunan 'yan tallan titi, kowane da hajarsa da irin kiran da yake yi. An buga na birnin Bolonya, waɗanda Annibale Carracci ya zana, a 1646, sannan na Landan da Francis Wheatley ya yi suka yi tashe a shekarun 1790. Tsarin ɗaya ne: mutum guda, sana'a guda, ba suna, ba labari. Mai kallo yana ganin nau'in mutum ne, kamar yadda ake jera nau'o'in tsuntsaye a littafi.

Wannan tsari ya isa Masar tare da mamayar Nafoliyon ta 1798 zuwa 1801. Masanan da suka raka rundunarsa sun tattara bayanan da aka buga cikin manyan kundaye masu taken bayanin ƙasar Masar, daga 1809 zuwa ƙarshen shekarun 1820. A cikinsu akwai sashen sana'o'i, wanda Nicolas-Jacques Conté ya zana da yawa daga hotunansa, inda aka nuna masaƙa da maƙera da wanzamai da masu matse mai, kowa da kayan aikinsa. Tushe na uku shi ne littafin Edward William Lane na 1836 a kan ɗabi'u da al'adun Misirawan zamaninsa. Lane ya zauna a Alƙahira, ya ji Larabci, ya kuma bayyana masu sana'a ɗaya bayan ɗaya. Masu zane da yawa sun karanta shi kafin su taka ƙasar, don haka sun isa da jerin abubuwan da suke sa ran gani. Wanda ya zo neman abin da ya riga ya sani kuwa, da wuya ya koma da wani abu dabam.

3.0 Masu Zanen da Sana'o'in da Suka Zaɓa

3.1 Marubucin Wasiƙa

Ɗaya daga cikin jigogin farko shi ne malamin da ke zaune a bakin masallaci ko kasuwa yana rubuta wa jama'a wasiƙa a biya shi. David Wilkie ya zana irinsa a Istanbul a 1840. John Frederick Lewis (1804–1876), wanda ya zauna a Alƙahira daga 1841 zuwa 1851, ya yi nasa da fentin ruwa a 1852. A duka biyun mata ne ke gaban marubucin. Wannan zaɓi ba banza ba ne, domin ya ba wa mai kallo a Landan damar ƙiyasta cewa wasiƙar ta soyayya ce. Alhali babban aikin irin waɗannan marubuta shi ne takardun koke zuwa ga hukuma da na bashi da na gado da saƙon iyali, abubuwan da ba su da armashi a bangon falo.

3.2 Mai Darduma

Jean-Léon Gérôme (1824–1904) ya fara zuwa Masar a 1856, ya kuma sake komawa sau da dama. Zanensa na mai sayar da darduma, na wajajen 1887, wanda yanzu yake gidan adana zane na Miniyafolis a Amurka, ya nuna wata ƙatuwar darduma da aka sako daga bene a cikin farfajiya, attajirai cikin manyan riguna suna tsaye suna dubawa. Dardumar ita ce ta cinye zanen. An fito da launinta da adonta har mai kallo ya ji kamar ya shafa. Masaƙan da suka yi ta da fataken da suka kawo ta da kuɗin da aka taya duk suna wajen zanen. A nan mai sana'a ya koma madogarar da aka jingina haja a kanta.

3.3 Masu Tallan Ci da Sha

Ludwig Deutsch (1855–1935), haifaffen Biyana da ya zauna a Paris, ya shahara da ƙananan zane-zane a kan allon katako, masu tsananin kula da ƙwayar abu. Daga cikinsu akwai na mai sayar da sahlab, wani abin sha mai ɗumi da ake damawa da madara da garin saiwar wani tsiro, wanda ya yi a 1886. Leopold Carl Müller (1834–1892), shi ma ɗan ƙasar Ostiriya, ya fi son taron jama'a, kamar yadda zanensa na kasuwar Alƙahira na 1878 ya nuna, inda mutane da raƙuma da kaya suka cika fili ƙarƙashin hasken rana. Ɗan ga-ruwa kuwa, wanda Misirawa ke kira saƙƙa, kusan babu mai zanen da bai taɓa shi ba. Dalilin samuwar sana'ar shi ne ruwan rijiyoyin birnin yana da zartsi, don haka ake ɗebo na sha daga Kogin Nilu a cikin salka, a kan raƙumi ko jaki ko gadon baya.

In aka dubi jerin, za a ga an fi zaɓar sana'o'in da ke da kayan aiki masu ɗaukar ido: salkar fata da butar tagulla da darduma da tulu da alƙalami da tawada. Leburorin tashar jirgin ƙasa da ma'aikatan maɗaba'a da direbobin keken doki, waɗanda su ma 'yan birnin ne a lokacin, da wuya a gamu da su.

4.0 Yadda Ake Haɗa Zanen

Ƙyalli da daidaiton waɗannan zane-zane sukan sa a zaci a bakin titi aka yi su. Galibinsu a ɗakunan zane na Turai aka kammala su. Mai zane yakan yi 'yan makonni ko watanni a Masar yana ɗan zayyana abin da ya gani a takarda, ya sayi tufafi da makamai da dardumai da tayil, ya koma gida. A can sai ya ɗauki hayar mutum ya sanya masa kayan, ya tsayar da shi, ya ɗauko bango daga wani hoton kyamara. Gidajen ɗaukar hoto irin na Bonfils a Beirut da na Sébah a Istanbul da Alƙahira sun riƙa sayar da hotunan masu sana'a, waɗanda su ma sau da yawa tsayar da mutanen aka yi a cikin shago. Wannan ne ya sa ake ganin buta ɗaya ko mayafi ɗaya yana yawo daga wannan zane zuwa wancan a ayyukan Deutsch da abokin zamaninsa Rudolf Ernst.

Misalin da ya fi bayyana wannan haɗe-haɗe shi ne zanen Gérôme na mai wasa da maciji, na wajajen 1879, wanda aka sa a bangon littafin Said. Bangon shuɗin tayil da 'yan kallo suka jingina da shi daga fadar Topkapi ta Istanbul aka kwafo shi, daɓen dutsen kuwa daga masallacin Amru ɗan Asi na Alƙahira. Kowane yanki gaskiya ne a muhallinsa, amma wurin da aka haɗa babu shi a doron ƙasa. Linda Nochlin, a maƙalarta ta 1983, ta yi amfani da wannan zane wajen nuna cewa tsananin kula da ƙananan abubuwa shi ne ke sa mai kallo ya manta akwai hannun da ya tsara komai.

Lewis ma, duk da shekara goma da ya yi a birnin, bai tsira ba. Bayan komawarsa Ingila a 1851 ya ci gaba da zana Alƙahira har ƙarshen rayuwarsa, daga takardun da ya taho da su. Masana tarihin zane da dama suna ganin cewa dattijon da ke zaune a kasuwar Khan al-Khalili a zanensa na 1860 shi ne Lewis da kansa cikin rawani, domin kamannin sun yi daidai da hotunansa na kyamara cikin shigar Gabas.

5.0 Alƙahirar da Ba Ta Shiga Zanen Ba

Shekarun da salon ya yi tashe su ne shekarun da birnin ya fi sauyawa. An kammala layin dogo tsakanin Iskandariya da Alƙahira a 1856. A zamanin Khidiwi Isma'il (1863–1879) an ba da izinin kafa kamfanin ruwan famfo a 1865, aka buɗe mashigin Suwez da gidan wasan ofera a 1869, aka shata sababbin unguwanni masu faffaɗan tituna, aka kuma keta titin Muhammadu Ali ta tsakiyar tsohon gari a shekarun 1870. Sojojin Birtaniya sun mamaye ƙasar a 1882, taragon lantarki kuma ya fara zirga-zirga a titunan birnin a 1896. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa abincin wani. Famfo ya soma rage wa ɗan ga-ruwa kasuwa, tarago ya shiga gonar masu hayar jakuna, yadin masana'antun Ingila ya matsa wa masaƙa. Wanda ya dogara da zane-zanen kaɗai ba zai san an yi ko ɗaya ba.

Abu na biyu da ya ɓace shi ne tsarin sana'a. A zane, mai sana'a shi kaɗai yake zaune, kamar wanda ba shi da kowa. A zahiri kuwa, kusan kowace sana'a tana da ƙungiyarta da shehunta, wanda ke tara haraji, ya sasanta rikici, ya kuma tsaya tsakanin 'yan sana'a da hukuma. Matsayinsa ya yi kusa da na sarkin maƙera ko sarkin fawa ko sarkin aska a biranen Hausa. André Raymond ya fayyace wannan tsari a nazarinsa kan masu sana'a da 'yan kasuwar Alƙahira na ƙarni na 18, John Chalcraft kuma ya bi sawun rushewarsa a ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa yajin aikin direbobin keken doki na 1907. Mutanen da zane ya nuna suna gyangyaɗi a inuwa su ne suke rubuta koke, suna jayayya kan haraji, suna haɗa kai su daina aiki.

Abu na uku shi ne Baturen kansa. Tun da kamfanin Thomas Cook ya fara kai masu yawon buɗe ido Kogin Nilu a 1869, baƙi suka zama manyan abokan cinikin masu darduma da masu jakuna. Amma da wuya a ga Bature a zanen. Fitaccen abin da ya saɓa wa wannan shi ne zanen William Holman Hunt na saurayi mai ƙera fitila, wanda ya fara a 1854, inda a can baya ake hango Bature da doguwar hula a kan jaki yana kutsawa cikin jama'a. Osman Hamdi Bey (1842–1910), Baturke da ya koyi zane a Paris, ya yi abin da gangan a zanensa na 1888 da ke Balin: mai darduma yana baje haja, masu dubawa kuwa Turawa ne 'yan yawon buɗe ido. Da ya saka mai saye a ciki, sai ciniki ya koma ciniki.

6.0 Masu Saye

Dalilin duk wannan cire-cire yana wurin kasuwar zanen. Masu sayen attajiran masana'antu ne da 'yan kasuwa na Faransa da Ingila da Ostiriya da Amurka, mutanen da biranensu suka cika da hayaƙi da ƙarar inji. Abin da suke biɗa shi ne wurin da agogo bai kai ba, inda ake aiki da hannu cikin natsuwa. Zanen da ya nuna famfo da tarago ba zai biya musu wannan buƙata ba. Gérôme ya auri 'yar Adolphe Goupil a 1863, shi kuwa Goupil shi ne mai ɗaya daga cikin manyan kamfanonin dillancin zane na zamanin, wanda ke buga kwafin ayyukan surukinsa yana rarrabawa har Amurka. Ta haka siffar mai sana'ar Alƙahira ta shiga gidajen da ba su da ƙarfin sayen zanen asali.

Al'amarin ya kai maƙura a bajekolin duniya na Paris na 1889, inda aka gina wani titi sukutum da sunan titin Alƙahira, aka kawo jakuna da masu kora su daga Masar. Timothy Mitchell (1988) ya kawo labarin wasu malaman Masar da suka ziyarci wurin suka tarar har dattin bango an kwaikwaya, abin da ya yi kama da masallaci daga waje kuma gidan shan gahawa ne da raye-raye a ciki. A wannan mataki, rayayyun mutane ne aka ɗauko su yi kama da zane.

Wannan kallo yana da sakamako na siyasa. Al'ummar da aka saba gani a matsayin wadda ba ta motsi tana da sauƙin a ce tana buƙatar wanda zai tafiyar da ita. Ba lallai ne kowane mai zane ya nufi haka ba, amma tarin hotunan ya yi daidai da hujjar da masu mamaya ke bayarwa.

7.0 Amfanin Zane-zanen ga Manazarci

Duk da haka, watsi da su asara ce. Masu nazarin gine-gine suna samun siffar ƙofofi da tagogin katako masu raga da wuraren shan ruwa na sadaka waɗanda wasunsu suka rushe. Masu nazarin tufafi da tukwane da ƙira suna samun launi, abin da kyamarar lokacin ba ta iya ɗauka. Wannan na cikin dalilan da suka sa a yau masu tara zane daga ƙasashen Musulmi suke cikin manyan masu sayensu. A 2019 an sayar da wani zanen Osman Hamdi Bey a Landan kan fiye da fam miliyan 6, a shekarar kuma gidan tarihi na Birtaniya ya haɗa gwiwa da gidan adana fasahar Musulunci na Malesiya suka baje kolin irin waɗannan ayyuka.

Abin da ake buƙata shi ne tambayoyi huɗu kafin a kafa hujja da kowane zane. A ina aka kammala shi, kuma shekara nawa bayan tafiyar mai zanen? Shin kayan da ke ciki sun bayyana a wasu ayyukansa? Wa ya saye shi da farko? Mene ne rubutattun bayanan mutanen garin, kamar kundin Ali Mubarak kan unguwannin Alƙahira da rajistar kotuna, suka faɗa game da wannan sana'a a wannan shekara?

Ga manazarcin Hausa, batun ya shafe shi ta fuska biyu. Ta farko, baƙaƙen fata suna da yawa a zane-zanen, galibi a matsayin dogari ko bara ko bawa, ƙarƙashin suna ɗaya na jimla kamar ɗan Nuba. Alhali birnin ya san alhazan Afirka ta Yamma masu yada zango a hanyar Makka, kuma a wancan lokaci jami'ar Azhar tana da masaukin ɗaliban Barno. Zanen ba ya bambance malami da fatake da bawa, sai manazarci ya nemo bambancin a wani wuri. Ta biyu, tsarin mutum guda da sana'a guda ba tare da suna ba shi ne ya sake bayyana a katunan gidan waya na zamanin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, inda ake ganin Bahaushe ɗan kasuwa ko wanzami an tsayar da shi gaban kyamara. Tambayoyin nan huɗu suna aiki a kansu kamar yadda suke aiki a kan zanen Gérôme.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi salon zanen masu sana'ar titi daga jerin 'yan tallan biranen Turai zuwa kundayen mamayar Faransa da littafin Lane, ta kuma nuna yadda Lewis da Gérôme da Deutsch suka haɗa ayyukansu daga zayyana da hoton kyamara da kayan da suka sayo. An ga cewa abubuwa uku ne suka fi ɓacewa a zanen: sauyin zamani da ƙungiyoyin sana'a da baƙon da ke saye. Dalilin ɓacewarsu shi ne bukatar wanda zai rataya zanen a ɗakinsa. Saboda haka, zanen ɗan ga-ruwa shaida ce mai ƙarfi a kan siffar salkarsa, kuma shaida ce a kan abin da attajirin Paris ke son gani a ƙarshen ƙarni na 19. Abin da ya shafi kuɗin da yake samu da harajin da yake biya da halin da ya shiga bayan zuwan famfo, wannan sai a nema a takardun kotu da na hukumar birnin.